Ranar da Ƙafata Ta Ci Amanata a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na je gaida mahaifin Fatimata, yarinyar da nake nema a nan unguwar Gataa El Oued. Kafin nan na yi wa wani likita aikin daɓe a gidansa, mutum mai son hira. Shi ya gaya mini cewa jijiyoyin jini na yin wata iska da kansu, monoksid dazot da Faransanci, wadda ke buɗe su, kuma masana na ganin tana iya kare su idan jini ya tsaya sannan ya dawo. Ni da na bar lekkol tun ina ƙarami, sai na ji kamar an ba ni digiri. Duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin aiki sai ya sha wannan karatu.

To, mahaifin nata, Alhaji Agali, mutumin Agadas ne, kuma a gidansa baƙo ba ya tashi sai an sha shayi zagaye uku. An gargaɗe ni cewa ya kori manema biyu saboda rawar kai. Don haka na durƙusa kan tabarma, na zauna a kan dugadugaina kamar mai tahiya, na rantse ba zan motsa ba.

Kofin farko, ƙafar dama ta fara tsikari. Na biyu, ta mutu murus. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, miƙe ƙafarka mana, nan gida ne."

Da na yi shiru da na tsira. Amma ina! Sai na gyara murya na ce, "Baba, ba komai. Akwai wata iska cikin jijiya da ke tsare ta ko jini ya tsaya." (Wallahi har da ɗaga yatsa.) Dattawan da ke wurin suka ce, "Ikon Allah!"

Ana gama na uku aka kira la'asar. Na miƙe da ƙarfina, ƙafa ta ce ba ta san ni ba. Na tafi luu, na faɗa kan faranti, kofuna suka watse, buta ta kife cikin gawayi, toka ta turnuƙe rawanin Alhaji. Daga bayan labule na ji dariyar Fatimata, na so ƙasa ta tsage.

Alhaji ya kaɗe rawaninsa a hankali ya ce, "Iskar taka ta fita ke nan?" Dattawa suka kwashe da dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Wanda ya kashe ƙafarsa don jin kunyata ba zai wulaƙanta 'yata ba. Turo manyanka."

Da na ba likita labari, ya ce shi jijiya ya ce tana iya tsira, bai ce a tashi da gudu ba. Yau Fatimata na ɗakina da 'ya'yanmu biyu, alhamdulillahi. Amma ko gaban wa na zauna, ƙafata a miƙe take, bakina kuma a rufe.