Farfesa Walƙiya da Miƙaƙƙen Ruwa

Idan ana lissafin manyan mutane a sashenmu na kimiyyar sinadarai, to a fara da Farfesa Walƙiya, sauranmu duk cikon benci ne. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sauri. Yana gama karanta takarda tun kafin ya buɗe ta. Yana amsa tambaya tun mai tambayar bai kai rabi ba. Bango ɗaya ya raba ofishina da nasa, don haka shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙaruwa da iliminsa ba tare da na nema ba.

Mu a ɓangarenmu ba ma taɓa kwalba ko wuta. Da kwamfuta muke lissafa yadda ƙwayoyin sinadari ke zama da juna. Manhajar da muke aiki da ita tsohuwa ce tukuf, da yaren Fotiran aka rubuta ta tun ba a haifi rabin ɗalibanmu ba. Kafin ta yi aiki sai an bi da ita ta hannun kompaila, wato tafintan da ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa. Akwai kuma al'adar da muka gada. Duk sanda aka canza tafinta ko aka taɓa saitinsa, sai an fara gwada manhajar da ƙwayar ruwa, domin kowa ya san amsar ruwa. Ƙwayarsa a lanƙwashe take, kusurwarta digiri ɗari da huɗu da 'yan kai. In manhaja ta faɗi haka, sai a yarda da ita a kan manyan abubuwa. Gwajin ba ya wuce minti biyar, amma mutum irin Farfesa ina ya ga minti biyar na zubarwa.

A wannan shekarar yana da ɗaliba guda mai karatun dakta, wadda muke kira Maman Tagwaye. Malamar sakandare ce, an ba ta hutun karatu na shekara uku, saura mata mako shida. In ba ta miƙa kundinta a cikin makonnin nan ba, aji za ta koma hannu rabbana. Ƙwayoyi goma sha biyu suka rage mata ta lissafa, kowacce tana cin kwana uku a tsohon injinmu da Farfesa ya raɗa wa suna Kunkuru. Duk mai iya lissafi ya san lokacin zai isa, amma da ƙyar.

Ana cikin haka Farfesa ya dawo daga wani taro a ƙasar waje, da jakar taron a kafaɗa da sabon ra'ayi a baki. Ya tara mu.

"Fotiran ya mutu," in ji shi, yana buga tebur. "Ni da kaina na ga gawarsa. Daga yau a sake rubuta manhajar nan da yaren Si. Duniya ta yi gaba, mu muna nan muna rarrafe."

Layi dubu ɗari huɗu ne a manhajar. Babu wanda ya tuna masa, don mun san zai ce ya riga ya ƙirga. Mako na zagayowa ya sake tara mu, ya ce Si ma na masu wahalar da kai ne, Faiton shi ne yaren masu basira, wani da suka zauna kujera ɗaya a jirgi ya tabbatar masa. A mako na uku ya buɗe manhajar da nufin nuna mana yadda ake yi, ya kalli allo na ɗan lokaci, ya rufe.

"Kamar yadda na daɗe ina faɗa muku," ya ce, "babu kamar Fotiran. Matsalar ba ta yare ba ce, ta tafinta ce."

Nan take ya kafa kwamitin zaɓen kompaila. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, kuma an yi sa'a duka membobin suka yarda da shi. Ya ɗora sabon tafinta a sabon inji, ya kunna duk wani saitin sauri da ya gani, har da waɗanda aka rubuta gargaɗi a gefensu. Lambobin da manhajar ke riƙewa a lissafi kuwa ya rage su daga goma sha biyar zuwa bakwai, ya ce dogayen lambobi na matsorata ne.

Mai kula da injunanmu dattijo ne mai ƙarancin magana. Baba Sanyi muke ce masa, saboda a ɗakin injuna yake wuni cikin rigar sanyi ko da ana ƙuna a waje. Ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ko a gwada ruwa?"

"Ruwa?" Farfesa ya yi dariya har da share hawaye. "Ni da ke lissafin ƙwaya mai atam ɗari biyu za ka mayar ajin farko? Ka cire Kunkurun nan ma ka kai shi sito, ganinsa kawai yana rage min sauri."

Gaskiya aiki ya yi kyau. Lissafin kwana uku ya koma minti goma sha ɗaya. Farfesa ya buga zanen nasarar a babbar takarda, ya manna ɗaya a ƙofarsa, ɗaya a kan bene, ɗaya a gefen bayi don kada wani ya ce bai samu lokacin karantawa ba.

Maman Tagwaye ta duba lambobin da suka fito, hankalinta bai kwanta ba. Sau uku ta shiga ofishinsa don ta faɗa masa, kuma duk ina ji ta bango.

"Malam, dama lambobin nan ne na ga kamar..."

"Sun burge ki. Na sani. Ba sai kin gode ba."

Ta fito idonta ya cicciko, ta nufi wurin Baba Sanyi. Shi kuwa Baba mutum ne mai biyayya. An ce ya kai Kunkuru sito, ya kai shi. Ba a dai ce komai a kan soket ɗin da ke bayan karyayyun kujerun siton ba. Can Kunkuru ya ci gaba da lissafinsa da tsohon tafinta da tsohon saiti, ƙwaya ɗaya duk kwana uku. Kullum da safe sai ta ajiye tagwayenta a makaranta, ta leƙa sito da addu'a a baki. Lissafi na goma sha biyu ya fito saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ta haɗa kundi ta kai wa Farfesa, ya sa hannu tun bai buɗe ba, bisa baiwarsa.

Ranar kare kundi aka kawo mai jarrabawa daga wata jami'a, wata dattijuwar farfesa mai tabarau rataye a wuya, wadda ke juya shafi kamar tana tsoron ta ji masa ciwo. Taron na ɗaliba ne, amma Farfesa ya taimaka mata da minti arba'in na farko. Ya haska sabon injinsa a bango, ya ba da tarihin yadda shi kaɗai ya ceto sashen daga rarrafe. Dattijuwa ta saurara har ya gama.

"Madalla," ta ce. "A gwada mana ruwa."

Ya yi murmushin da ake yi wa wanda zamani ya bari a baya, ya danna. Daƙiƙa huɗu amsa ta fito. Ga ƙwayar ruwa nan a bango, ɓaro-ɓaro, a miƙe sambal kamar rula, digiri ɗari da saba'in da tara.

"Wannan," in ji Farfesa, "yana iya zama sabon bincike."

Dattijuwa ta rufe kundin a hankali. "In daga nan lambobin kundin nan suka fito, ba zan iya sa hannu ba."

Na dubi Maman Tagwaye, tausayinta ya kama ni. Shekara uku na shirin tafiya a banza a gaban idonta. Amma ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, a duba shafi na tara."

A shafi na tara ta rubuta komai: injin da aka yi aiki da shi, wato Kunkuru, tafintan, saitin, da gwajin ruwa. Dattijuwa ta ce ita sai ta gani da idonta. Haka muka ɗunguma zuwa sito, manyan malamai cikin manyan riguna, muka tsaya tsakanin karyayyun kujeru da tsintsiya. Baba Sanyi ya share ƙurar allo da hannun rigarsa, ya kunna gwajin ruwa. Minti biyar cur muka jira. Farfesa ya duba agogo sau tara, na ƙirga. Sannan ƙwayar ta fito a lanƙwashe, ɗari da huɗu da 'yan kai, kamar yadda Allah ya yi ta.

A kan Kunkurun dattijuwa ta ɗora kundin ta sa hannu. Maman Tagwaye ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta, babu wanda ya hana ta.

Farfesa dai ba a san shi da rasa magana ba. Ya sanar da mu cewa dama dabara ce, ya so ya ga ko ɗalibarsa za ta bi shi ido rufe, kuma yana alfahari da tarbiyyar da ya ba ta. Sai dai muryar ta dushe a tsakiyar jawabin, ya yi tari, ya nemi abin jiƙa maƙoshi. Baba Sanyi ya fita ya dawo da kofin ruwa, ya miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Sha hankali kwance, ranka ya daɗe. Wannan na tsohon saiti ne."

Ya karɓa ya sha, kurɓi ɗaya bayan ɗaya, idonsa a cikin kofin. A shekara goma sha ɗaya da muka yi tare, ranar na fara ganin ya yi wani abu a hankali.