Ƙafar da Ke Bayan Zana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da son jin ƙwaƙwaf ya kwantar da ni rub da ciki a gidan alkali ba. Ni wanzami ne a Bungudu, gado na yi. Lokacin ana aikin hanyar jirgi daga Tsafe zuwa Gusau, baƙi sun cika ƙasa, labari sai wanda ka zaɓa. Duk kan da ya shigo hannuna sai na aske gashin na kuma tatsi abin da ke ciki. (Mutane na cewa surutu gare ni. Ni dai a ganina neman ilimi ne.)

Ana nan sai aka kore shanun wani Bafillatani a dajin Karakkai, aka sassari makiyayin, da ƙyar ya sha. Dogarai suka kamo wani ƙato mai suna Jatau. Shi Jatau yana da 'yan'uwa gagararru, kuma kowa ya san mutumin da ya taɓa ba da shaida a kansu rumbunsa ya ci wuta da rana tsaka. Sai alkali ya sanar cewa akwai wanda ya gani da ido, har shi ya nuna kwarin da aka ɓoye shanun, amma ba za a faɗi sunansa ba.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. A ce a garin nan akwai maganar da ban sani ba? Da muhuti, malamin da ke taya alkali shari'a, ya zo aski, na jiƙa masa kai sosai, na lallaɓa na ce, "Allah gafarta Malam, ashe ana yi wa mutum shari'a ba a nuna masa mai shaida?"

Ya ce, "Asali ana faɗa mishi, don in yana da suka ya kawo. Amma in wanda ake tuhuma abin tsoro ne, malamai sun yarda a ɓoye. Alkali ya binciki gaskiyar mai shaida a asirce."

Na ce, "Ikon Allah. To, wane ne?"

Ya ce, "Yi askinka."

Daga nan na shiga bincike. Na zargi mai jakin da ke kai gero Furfuri. Na zargi masu itace. Har liman sai da na sa wa ido, don na ga ya rage fira. Kullum da safe sai in zauna gaban mahaifiyata, tana shirya daddawar da take kaiwa kasuwannin ƙauye, in zazzage mata duk hasashena. Ita kuwa Inna ba ta ko ɗaga kai. Iyakarta ta ce, "Allah shi shirye ka."

Ranar da za a sake jin mai shaida, dangin Jatau suka yi cincirindo a ƙofar gidan alkali, suna duban duk mai shiga. Ni kuwa wanzamin gidan ne, sai na rataya zabira na bi ta ƙofar baya, wai na zo duba kan yara. Can cikin gida na hangi an kafa zana, alkali da muhuti suna zaune ta wancan gefe, ana magana ƙasa-ƙasa. Na zagaya, na kwanta cikin kashin awaki da sabuwar rigata, na kafa ido a ƙasan zanar.

Ƙafa kawai nake gani. Ƙafar tsohuwa ce, duga-dugan duk faso. Na ce a raina, af, ashe mace ce. Na ƙara matsawa. Sai na ga tabon ƙaho a jere a sharaɓarta, ɗaya ya karkace. Wannan karkatar ko cikin dubu na san ta, don aikina ne. Ni na yi wa ƙafar nan ƙaho da damina saboda sanyin ƙashi, hannuna ya goce, na sha zagi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna?"

Sai na ji an kama ni ta idon sawu, dogari ya jawo ni kamar buhun gyaɗa ya zube gaban alkali, askata da ƙahonina suka watse. Inna na zaune lulluɓe, ta dube ni, ta dubi alkali.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, mi na ce maka?"

Alkali ya jinjina kai. Ya ce mini, "Ka san da tsohuwarga ta zo, abu guda ta roƙa? Ba ta ce a ɓoye ta ga Jatau ba. Cewa ta yi a ɓoye ta ga ɗanta, in an yi haka Jatau ba ya ji."

Muhuti ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya, don sai a lokacin na tuna mutanen da ke tsaye a ƙofa, na kuma tuna ɗakin Inna na ciyawa ne. Na shiga rantsuwa cewa ko da wuƙa ba za a ji daga bakina ba.

Inna ta ce, "Kada ka yarda, Malam. Wanga ko barci yake yi magana yake."

Nan take alkali ya yanke hukunci: ba zan fita gidan ba sai an gama shari'a. Aka bar ni cikin gida ina aske kawunan iyalinsa, dogari zaune gefena da sanda, in na buɗe baki ya ɗaga ta. A gari aka ce alkali ya riƙe ni aiki. Da aka gama, aka wuce da Jatau da manyan 'yan'uwansa Sakkwato, Inna ta ci gaba da tallan daddawarta ba wanda ya taɓa ta.

Abin da na koya shi ne, mai shaida yana da haƙƙin a tsare shi daga mugu, yana kuma da haƙƙin a tsare shi daga masoyi mai sakin baki, kuma na biyun ya fi wuya. Ɓarawo ya sha ɗauri saboda shanu, ni na sha nawa saboda harshe, kuma uwata ce ta kai ƙara.