Yadda Za Ka Ci Gasar Zanen Gini Ba Tare da Rufi Ba

Kai ɗalibin zanen gine-gine da ka kai shekarar ƙarshe kanka ya ƙi kawo komai, jawo benci ka zauna. Ni ne Jibrilla mai shagon fotokopi da ke bakin ƙofar makarantarku a nan Tawa. Ban taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, amma babu zanen da ya je gaban alƙalai bai fara bi ta cikin injina ba. Zafin inji yana fitar da ilimin da ke cikin takarda kamar tururi, ni kuwa kullum ina tsaye a kai ina shaƙa. Saboda haka ina ba ka cikakken tabbaci: in ka bi matakan nan za ka ci gasa, ka karɓi diplom, a gina abin da ka zana, ko jama'a sun so ko ba su so ba.

Shaidata Tijjani ne, ɗan ƙauyen Bambeye. Sau biyu yana faɗuwa a sutnans, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban juri, alƙalan makaranta ke nan, ya kare aikinsa, kuma dokar makarantar ta ce wanda ya faɗi na uku sai ya naɗe tabarmarsa. A ƙauye kuwa mata sun riga sun daina kiran mahaifiyarsa da sunanta, sai dai Uwar Injiniya. A shekarar ne wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ba zan faɗi sunanta ba ta nemi ɗalibai su zana mata zauren jiran mota a tasha, bisa sharaɗin a kwaikwayi wata halittar Allah, kuma kada ginin ya ci siminti ko lantarki. Ranar sutnans za a yanke hukunci, wanda ya ci, a gina nasa. Tijjani ya zo wurina neman mafita. Ga abin da na ɗora shi a kai.

1. Kama halittarka tun ba a riga ka ba

Kada ka ɗauki suri. Rabin ajinku sun ɗauka, kuma juri ya gaji da jin yadda gara ke sanyaya ɗakinta. Kada ka ɗauki albasa, domin Haula ta riga ka. Haula ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin su Tijjani, ta zana zaure mai bango cikin bango kamar ɓawon albasa, iska tana yin sanyi kafin ta iso tsakiya. Ko ni da na buga mata zanen sai da na ji sanyi a tafin hannuna.

Tijjani ya fara da raƙumi. Ya sa tankin ruwa a tozo, ya sa hasumiya a wuya, komai ya tafi daidai har malaminsa ya tambaye shi ta ina fasinja za su shiga, ta ina kuma za su fita. Tijjani ya duba zanen, ya ga amsar, ya yage takardar da kansa.

Abin da ya rage a lokacin kunama ne da bushiya da itacen gawo. Na ce masa ya ɗauki gawo, don shi kaɗai ne a cikinsu mutum zai zauna kusa da shi da son ransa.

2. Yi bincike a gindin abin da ka zaɓa

Nemi gawo mai inuwa a bayan gari, ka shimfiɗa tabarma, ka kwanta kana kallon sama. In barci ya ɗauke ka kada ka damu. Masana sun tabbatar barci ma bincike ne muddin akwai biro a hannunka. Abin da ba a yafewa shi ne rashin hoto: sa wani ya ɗauke ka ka dafa kututturen, ka riƙe haɓa, kana duban nesa kamar wanda aka gaya wa mummunan labari.

Tijjani ya yi wannan aiki da gaskiya duk tsawon bazara. Ya dawo da ƙiba a kumatu da kuma sakamako guda, cewa gawo yana da inuwa.

3. Tanadi kalmomi

Kana bukatar durabul, da biyokilimatik, da konsep. Kada ka nemi ma'anarsu, nema yana rage musu ƙarfi. Ka dai sani duk abin da ya lalace a aikinka, in ka kira shi konsep ya gyaru.

4. Haɗa maket da abin da ƙasa ta ba ka

Maket shi ne ɗan ƙaramin ginin da za ka ɗora a tebur juri ya zagaya yana leƙe. Ɗalibai marasa hangen nesa suna yin nasu da kwali da roba. Kai ka guji wannan. Tijjani ya yi ginshiƙai da karan gero, ya yi daɓe da jar ƙasa, ya rufe sama da harawar wake da 'ya'yan gawo, ya liƙe su da kunun dusa mai kauri don kada a ce ya yi amfani da gam na kanti. Ya ɗan yayyafa kanwa a kai saboda ƙwari.

Da Haula ta gani ta yaba ginshiƙan, sannan ta ce masa duk da haka a gidansu in aka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba gini ake cewa ba, kiwo ake cewa. Ta ba shi shawara ya rufe shi da ƙyalle kafin ya fito da shi. Na hana shi. Abokin gasa ba ya ba da shawara sai da dalili, kuma gini mai son muhalli dole ya sha iska.

5. Ranar sutnans, hau kabu-kabu ka bi ta kasuwar dabbobi

Hanyar ta fi kusa. Ɗora maket a ka, ka riƙe katakon da hannu biyu, ka bar mai babur ya ji da sauran.

Haka Tijjani ya yi. A bakin kasuwa garken tumaki ya tare titi, babur ya tsaya gefen wata motar garin Tebaram da aka ɗaure jar akuya a samanta. Tsayin akuyar da na maket ya zo daidai kamar an auna. Tijjani yana ta maimaita jawabinsa a zuci, ya ji kayan da ke kansa suna rage nauyi, sai ya ɗauka fargaba ce ke sauka, har ya yi hamdala. Fasinjojin motar suna kallo, amma ba wanda ya yi magana, saboda kowa ya ɗauka ciyawa yaron ke sayarwa kuma mai akuyar zai biya.

Sai da ya sauke a shagona ya gani. Ginshiƙai suna nan, daɓe yana nan, ɗan bencin da ya sassaƙa yana nan. Sama kuwa fayau, sai ɗan yawu a gefe guda.

Ya zauna a ƙasa bakin injina. Bai yi kuka ba. Can ya ce shi ba korar ke damunsa ba, tunaninsa ranar da innarsa za ta je rijiya wata ta kira ta da sunanta na yanka.

A nan ne ake gane gwani. Na ce, "Tashi ka kaɗe wando. Ba cinyewa aka yi ba, haka ka zana shi. Mi gawo ke yi wanda sauran itace ba su yi?"

Ya ce a hankali, "Yaya Jibrilla, shina zubar da ganye da damina."

Na ce to shi ke nan, an gama aiki, ya je ya gode wa akuya daga baya.

6. A gaban juri kada ka kare kanka, ka ji tausayinsu

Shugabar juri Madam Rukaiya ce, injiniya daga Damagaram da aka turo aiki Tawa, mace mai duban mutum ta saman tabarau. A gefenta akwai wakilin komin, da wani mutum daga ƙungiyar kare muhalli da za ta biya aikin. Haula ta riga ta gama nata, an tafa mata sosai. Na tsaya a taga ina kallo.

Madam ta zagaya maket ɗin, ta leƙa ta sama, ta ce, "Malam Tijjani, ina rufin?"

"Madam, yanzu damina ce a cikin maket ɗin."

Ya bar maganar ta zauna, kamar yadda na koya masa. Sannan ya yi bayani cewa duk itatuwan duniya suna yin ganye lokacin da kowa ke yi, gawo ne kaɗai ke ba da inuwa da rani sa'ad da ake bukata, ya janye ta da damina don ruwa da rana su isa ƙasa. Ya ce zaurensa ma haka ne: da rani a ɗora masa zana, hadari na haɗuwa a kwashe. Ya ce konsep. Mutumin ƙungiya ya ajiye bironsa ya dafe ƙirji.

Madam ta tambayi yawun da ke gefe. Tijjani ya ce alamar raɓa ce.

Aka ba ɗalibai damar tambaya. Haula ta miƙe cikin ladabi ta ce tana so ta san inda fasinja zai fake in ruwa ya sauko. Tijjani ya dube ta da tausayi, ya ce duk wanda ke tasha da damina ya baro gonarsa ne, kuma aikin ginin jama'a ba fakewa kaɗai ba ne, har da tarbiyya. Wakilin komin, wanda ashe ya daɗe yana fama da samari masu gudu birni lokacin noma, ya miƙe tsaye yana tafi.

Madam ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake duba, ba abin da ya canja. Ƙuri'a biyu ta rinjayi ɗaya. Tijjani ya zo na ɗaya, Haula ta biyu. A waje ta taya shi murna, ta ce in an tashi buɗewa ya gaya mata ta zo da lema. Yanzu tana Yamai tana zana gine-gine masu rufi, abin da kowa ma zai iya.

7. In an gina, bar ginin ya yi aikinsa

An gina shi yadda aka zana, ba a rage komai ba. Da rani ba a taɓa ganin wuri mai daɗi irinsa ba. Fasinja suna barci har mota ta tafi ta bar su, awakin gari suna kwana a ciki suna barin abin da suka saba bari, buhunan gero da ake jiran lodi suna tsiyaya a daɓen ƙasa.

Komin ta ɗauki mai gadi na musamman, aikinsa kwashe zana in ya ga hadari. Mutum ne mai riƙon amana. Ko da mata da jarirai a ciki, gabas na yin baƙi zai jingina tsani ya hau. In an roƙe shi sai ya ce shi ma'aikaci ne, a je a yi magana da injiniya. Mutane suka koma fakewa ƙarƙashin manyan motoci, suna leƙen zauren daga tsakanin tayoyi.

A wannan lokaci kada ka bi ta tasha. In dole ne, sa rawani.

8. Gayyato mahaifinka

Malam Abdulrahim, mahaifin Tijjani, manomi ne da bai cika barin Bambeye ba. Tsakiyar damina ya ce sai ya ga abin da ɗansa ya gina, tunda an ce har a rediyo an faɗa. Tijjani ya yi ta kawo uzuri, tsohon ya shiga mota ya taho. Dole muka raka shi, Tijjani da rawani har hanci.

Muka tarar ba wurin zama. Geron da ya zube ya samu taki da ruwa da rana, ya fito ya rufe bencunan zama, ya wuce kan mutum, zangarniya kamar damtse. Direbobi sun riga sun raba wurin kunya-kunya, har an yi faɗa a kan iyaka.

Ana cikin haka ruwa ya sauko. Kowa ya ruga ƙarƙashin mota, ban da tsohon. Ya shiga tsakiyar zauren ya tsaya, ruwa yana bin gemunsa. Tijjani ya bi shi yana roƙo ya fito kada sanyi ya kama shi. Malam ya ce ba zai fake a ƙarƙashin motar wani ba alhali ga ginin ɗansa. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya kama zangarniya ɗaya ya auna da hannu, ya daɗe yana dubanta.

"Tijjani, wanga wuri kai ka yi shi?"

"Ni na, Baba."

"Gaskiya sunka hwaɗi, ka yi karatu." Ya share ruwa daga fuska. "In an yi girbi ka taho gida. Ina son tasha guda irinai cikin gonata ta arewa, wadda ba ta ba da komi."

Tijjani ya sauke rawaninsa a gaban kowa, ya ce to Baba. Daga ƙarƙashin wata mota wani ya ce ashe wannan ne injiniyan, amma ruwa ya yi ƙarfi, ba wanda ya iya fitowa.

Sanarwa

Ni Jibrilla aikina buga takarda, abin da ke kanta na mai ita ne. Wanda ya bi matakan nan ya faɗi, bai bi su daidai ba. Wanda ya bi ya ci, shi da jama'ar garinsu. Mura, jiƙewar kaya, rikicin iyaka tsakanin direbobi, da duk abin da ya samu mai gadi, babu hannuna a ciki. Haka kuma ina sanar da jama'a tun yanzu cewa komin ta ji daɗin aikin Tijjani har ta ba shi zanen bayan gida na kasuwa, ɓangaren maza da na mata. Ban ba shi shawara ko ɗaya a kai ba. Shekaranjiya dai ya shigo shagona da fara'a, ya ce in buga masa hoton saƙar gizo-gizo, babba.