Abin da Na Binne a Ƙasan Tukunyar Fulawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da uwar mijina ta tsoma yatsa cikin tukunyar fulawata ba. Ko na so in manta ma, dangin mijina sun ɗauki nauyin tuna mini duk Sallah.

Ni dai littattafan soyayya ne suka raine ni, irin ƙananan nan da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. A cikinsu na koyi cewa amarya ba ta tafiya sai dai ta tako, ba ta magana sai da murya mai sanyi, kuma falonta ba ya rasa fulawa a kusurwa, inda ango zai tsaya ya sauke ajiyar zuciya. Saboda haka da aka kai ni ɗakina a unguwar Ketaren Gwari, na dubi gado da kujeru da jeren kwanuka, na ce iyayena sun yi ƙoƙari, amma saura abu guda.

Mijina Nura a ofis yake aiki a nan Minna, amma gidansu manoma ne a Garatu. Mahaifiyarsa, Inna, mace ce da ba ta yarda da mutum sai ta ga abin da hannunsa ke iya yi. Ranar da aka kai ni gaishe ta bayan biki, ta kama hannuna mai lalle ta juya shi gaba da baya, sannan ta ce wa ƙanwarta Goggo Asabe, da muryar da take zaton raɗa ce, "Hannu kamar auduga. Wannan ko albasa aka ba ta ta raya, sai dai a yi wa albasar addu'a."

Ina cikin mayafi na ji. Daga ranar na ƙudurta cewa sai na raya wani abu kore da hannun nan, sai Inna ta gani da idonta ta janye maganarta. Kun ga ke nan fulawar ta tashi daga ado ta koma batun mutunci.

Tukunyar a kasuwar Paiko na saye ta, wurin matan Gwari masu ginin tukwane. Ja ce, da baƙin tabon wuta a gefe da zane a wuya. (A motar zuwa da ta dawowa mun wuce gonaki ba iyaka, amma kaina na cikin littafi. Da na ɗaga ido sau ɗaya na kalli taga, da wannan labarin bai faru ba.) Na cika ta da ƙasa, na dasa wata fulawa da na saya a bakin titi, na shiga ba ta ruwa safe da yamma, har da rana in na ji tausayinta. Ba a jima ba ganyen ya koma rawaya, falon amarya ya fara warin kwata.

Maƙwabciyata Maman Joy, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kudancin Kaduna, barandarta cike da shuke-shuke. Ta shigo ta sunkuya ta shinshina tukunyar, ta ɗaga ta ta leƙa gindinta.

"Amarya, ai kin kashe shi da so," in ji ta. "Tukunyan nan na ruwan sha ne, ba shi da rami a ƙasa. Ina ruwa zai bi ya fita? Jijiya ya zauna cikin ruwa har ya ruɓe."

Ta zauna ta yi mini bayani. A huda gindin tukunya. A kifa guntun fasasshiyar tukunya a kan hujin don kada ƙasa ta toshe shi. A zuba wani abu mai gwaɓi-gwaɓi a kai, tsakuwa ko gawayi, yadda ruwa zai sami hanyar wucewa. Sai ƙasar da aka gauraya da yashi da ɗan taki. Ta ba ni guntun tukunyar daga nata, ta kuma yanko mini reshen wata fulawarta mai yaɗo, ganyenta sak siffar zuciya. Da na ga ganyen sai da na dafe ƙirji.

Nura ne ya huda tukunyar da ƙusa, a hankali, ni kuwa ina tsaye na rufe ido kamar ana huda kunnen jaririya. Ya tafi aiki ya bar ni da zaɓen abin da zan shimfiɗa a ƙasa, kuma a nan ne hankalina ya yi sallama da ni.

Tsakuwa akwai ta tuli a layinmu, inda ake wani gini. Amma sai in je in tsuguna gaban leburori da sabuwar atamfata ina tsintar duwatsu? Ban taɓa karanta amaryar da ta yi haka ba. Gawayi kuwa zai ɓata mini lalle, kuma a ganina bai dace a gina soyayya a kan baƙin abu ba. Ina ta zagaye gida har na shiga sito. Inna ba ta fasa aiko mana da doya daga gonarta, ni kuwa duk wadda zan dafa sai in datse kan nan mai tauri in jefa a wani kwando. Kawunan sun taru sun bushe, sun yi kaushi, launinsu kamar na dutse, ga su ba nauyi. Na ƙwanƙwasa ɗaya a bango ya ce ƙwas. Na ce to, me tsakuwa ta fi wannan da shi? Har wani daɗi na ji, wai ga ni mace mai dabara da tattali.

Na jera su a gindin tukunya, na zuba ƙasa, na dasa reshen Maman Joy, na yi bisimilla na ba shi ruwa. Ruwan ya zarce ya ɗigo ta ƙasa kamar yadda aka ce. Na yi wa kaina tafi.

Lokacin zafin bazara ne, zafin Minna da ko fanka sai ta hura maka wuta. Reshen ya langaɓe, ya bushe, ya mutu. Maman Joy ta tafi wani kwas Kaduna, ba wanda zan tambaya. Na yi kuka sosai. Amma ban daina ba tukunyar ruwa ba, don a littattafaina wadda ta yi haƙuri ta jira ita ke dariya a shafin ƙarshe.

Wata safiya kuwa sai ga tsiro ya faso ƙasa. Kakkaura, mai ɗan duhun ja, ya miƙe kamar mashi. Na ƙwalla ihu na jawo Nura daga wurin karin kumallo.

"Ka gani? Ta dawo! Abin da aka shuka da so ba ya mutuwa!"

Ya sunkuya ya dubi tsiron. Ya dube ni. Ya sake duban tsiron. Sai tari ya sarƙe shi, ya fita baranda da sauri, da ya dawo idanunsa sun yi ja da hawaye. (Na zaci hawayen so ne. Har na ji ya ƙara shiga raina, na ce Allah ya ba ni miji mai taushin zuciya.)

Shukar ta shiga girma kamar ana jan ta. Sai ga tsiro na biyu, sai na uku. Ganye ya buɗe, kuma wallahi siffar zuciya ne, har ya fi na Maman Joy kyau da sheƙi. Na ɗaura mata zare ta hau ƙarfen labule, ta zagaya ta naɗe hoton bikinmu. Akwai 'yan ƙayoyi a jikin karan, na ce ai soyayya dama ba ta rasa ƙaya. Na raɗa mata suna Ƙauna. Ina goge mata ganye da tsumma mai laushi, ina gaishe ta da safe. In Nura ya dawo aiki sai in ce, "Ba ka gaida Ƙauna ba." Shi kuwa bawan Allah sai ya tsaya ya ce, "Sannu da gida," ya wuce ɗaki yana tari.

Da damina ta kankama aka aiko cewa Inna za ta shigo gari ganin likitan ido, za ta biyo ta ga ɗakina ita da Goggo Asabe. Na share gida, na turare shi, na juya kujeru yadda duk wanda ya zauna Ƙauna zai fuskanta.

Suka zo, na durƙusa na gaishe su, na kawo ruwa da abinci. Tun da Inna ta zauna idonta ke kan labule. Ta bi shukar da kallo daga tukunya har sama, ta sauko, ta sake hawa. Goggo Asabe ma ta ajiye cokali. Zuciyata ta ce, yau ce ranarki. Duk kunyar suruka da aka koya mini a gida ta bi iska.

"Inna, da hannuna na shuka ta," na ce, da muryar nan mai sanyi. "Fulawar ƙasar waje ce. Ba ta yi a kowane gida, sai inda ake zaman lafiya. Sai da ta mutu ma ta dawo."

"Ikon Allah," in ji Goggo Asabe. "Ta ƙasar waje."

"E, Goggo. Kuma ba a shuka ta haka kawai. Sai an huda tukunya, an yi mata shimfiɗa ta musamman a ƙasa don ruwa ya wuce."

"Shimfiɗar me, 'yar nan?" in ji Goggo.

"Wasu abubuwa ne dai masu tauri," na ce, don ban ga amfanin ambaton kwandon sito a tsakiyar wannan ɗaukaka ba.

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta je ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsunta. Ta shafa ƙayar karan. Sannan ta tsuguna ta tura yatsa cikin ƙasar, ta tona, ta ƙara tonawa, har ta bankaɗo gefen wani abu baƙi da ya yamutse, saiwoyi sun fito masa ta ko'ina, ga shatin wuƙata a jikinsa.

"Asabe," in ji ta, "zo ki ga. Ta gonar bakin rafi ce. Tawa ce."

Goggo Asabe ba ta iya tasowa ba. Dariya ta kwantar da ita a kan kujera, tana bubbuga cinya tana salati. "Doya! Doya a falo! Har da zare, har da hoton biki! Wayyo cikina! Nura, kai Nura, fito! Noma kuka koma ba ku gaya mana ba?"

Ni kuwa ina durƙushe da tire a hannu, na ji kamar an kwara mini ruwan zafi daga ka har ƙafa. A littafi a irin wannan wurin amarya suma take yi. Na jira suman, bai zo ba.

Nura ya fito daga ɗaki yana sosa ƙeya. Inna ta dube shi. "Kai da aka haifa a gindin doya, ba ka gane ta ba?"

"Na gane, Inna. Tun ranar da ta tsiro."

Na juyo na dube shi. Duk tarin nan! Duk hawayen nan!

"To me ya hana ka gaya wa yarinya?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ta riga ta raɗa mata suna."

"Suna? Wane suna?"

Na roƙe shi da ido. Ya kau da kai ya ce, "Ƙauna."

A nan Inna ma ta kasa riƙewa. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a kan kafet kusa da tukunyar, tana share ido da bakin mayafi. Hawayena suka zubo, na yunƙura zan gudu kicin, sai ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Zo."

Na matso. Ta mayar da ƙasar da ta tona, ta danna ta a hankali kamar mai gyara wa jariri zani. Ta karkata tukunyar ta leƙa hujin.

"Wa ya ce ki huda?"

"Maƙwabciyata, Inna."

"Ta kyauta. Doya ba ta son ruwa ya kwanta mata, shi ya sa muke tula mata ƙasa a gona. Bana zafi ya cinye mini iri da yawa kafin ruwa ya sauka. Ke kuwa taki ta rayu, a ɗaki, ba rana ba komai." Ta kama hannuna, wannan dai hannun, ta juya shi gaba da baya kamar ranar farko. "Asabe, na janye maganata. Hannun yana raya abu. Bai dai san abin da yake rayawa ba."

Kafin su tafi sai da ta sa Nura ya kwance Ƙauna daga labule ya fitar da ita baranda, ya kafa mata sanda. Ta ce in rage ruwa, in daina goge mata ganye, ba jaririya ba ce. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in ta nuna ita za a kai wa, kada wanda ya taɓa.

Da kaka ta yi muka juye tukunyar, muka sami 'yan doyoyi da babbarsu ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Na naɗe su a leda mai kyalli na kai Garatu da kaina. Inna ba ta dafa ba, ta ajiye su iri. Yanzu akwai layi guda a gonar bakin rafi da kowa a gidan ke kira layin Ƙauna, ni kuma sunana Manomiyar Falo, har a bakin jikoki. In na je, kusa da ita Inna ke shimfiɗa mini tabarma.

Maman Joy da ta dawo ta ji labari sai da ta jingina da bango. Ta sake yanko mini reshe, ta kuma kawo mini tsakuwa cikin roba da hannunta, ta ce ba ta yarda da ni ba.

Har gobe ina karanta littattafaina, ina kuma shuka fulawa. Amma duk abin da zan shimfiɗa a gindin tukunya sai na tabbatar ba shi da niyyar tsirowa. In kuma na nuna wa Nura wani abu ya fara tari, ba na dafe ƙirji. Tare ƙofar baranda nake yi in ce, "Tsaya nan. Faɗa mini mene ne."