Na'urar Yaya a Buhun Shanshera

Ranar da Yaya Habibu ya kawo min na'urar ajiyarsa, har gyaran murya na yi. A cikinta akwai bidiyon marigayi Babanmu, wanda babu shi a ko'ina. Ya ce in ya jona ta da kwamfuta sai ta kama ta saki.

Na ce, "Sanyi ta sha, Yaya. Bar min ita."

Na taɓa jin shinkafa tana tsotse danshin waya, sai na cusa ta cikin buhun shanshera a zaure. Da na dawo daga la'asar, babu buhun. Hajiyarmu ta ce ai an kai shi injin casa.

Na hau babur ina salati, ina hango bidiyon Baba ya zama ɓuntu. Na iske mai inji ya ɗaga buhun zai juye, na kurma ihu har ya sake shi a ƙasa.

Muka tono ta lafiya. Igiyarta kawai Yaya ya canja, ta kama aiki.

Har yau in an zubo shinkafa sai ya ce, "Ku tauna a hankali, ƙila Injiniya ya yi ajiya."