Ranar da Na Duba Haƙoran Ɗana a Gaban Aji

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga ajin koya wa iyaye tarbiyya a Gumel ba. Abu uku ne suka kai ni: ɗana Nura da ke ɓuya a bayan randa da zarar ya ji ƙarar babur ɗina, ciwon kan da yawan tsawa ya bar min, da matata Larai da ta ce ta gaji da rabon faɗa.

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. A sana'armu, abin da kake so ba ka yabonsa, kushe shi kake yi, don kada mai shi ya tsauwala. (Duk ragon da ka ji na ce "ba laifi", to ya hana ni barci.)

Malama Talatu mai koyarwa ta ce kowane uba ya tsayar da ɗansa ya faɗi alherinsa a gaban kowa. Wani manomi daga Ɗanzomo ya yabi 'yarsa har ta rufe fuska da mayafi. Sai aka zo kaina.

Wallahi zuciyata cike take da son yaron nan, amma baki ya riga ya saba. Na zagaya shi. Na latsa bayansa.

"To, ba laifi," na ce. "Sai dai akwai rama. Ƙafar ma da ɗan gwame. Ga ci."

Ban san lokacin da na kama haɓarsa ina duba haƙora ba.

Sai muryar Larai daga ɓangaren mata: "Albarka, Alhaji! Ba na sayarwa ba ne!"

Aji ya kece da dariya. Manomin nan har da ɗaga hannu: "Dillali, in ka fasa, ni ina so!"

Da aka lafa, Malama ta ce, "Alhaji, nan ba mai ƙara maka kuɗi. Yaron naka ne. Faɗa masa."

Gumi na zuba na ce, "Shi ke ba tumakina ruwa ba tare da an sa shi ba. Kuma bai taɓa yi min ƙarya ba."

Nura ya ɗago kai. "Baba, ashe kana gani?"

Ga lissafina. Asara: har yau a kara, wato kasuwar dabbobi, in na taɓa rago, sai wani ya ce in kawo Nura a gwada. Riba: ciwon kai ya tafi, kuma yanzu Nura ne ke buɗe wa babur ɗina ƙofa. Ban taɓa cin kasuwa irin wannan ba.