Rasuwar Mai Ido Shida, Ɗan Ludon Gindin Darbejiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ya ce ya laluba bai ji komai a cikinta ba, Malam Sanda Haruna na Unguwar Kanawa, akawu a ma'aikatar ayyuka, yana sanar da 'yan'uwa da abokan majalisa rasuwar Mai Ido Shida, ɗan ludon nan fari da ake jefawa a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya rasu ranar Asabar bayan la'asar, a unguwar Rafin Guza.

Marigayin ya zo gidan a 1984 cikin kwalin ludo. Allon ya yage, 'ya'yan wasan suka watse, shi kaɗai ya yi saura. Bai taɓa zama wurin caca ba, wannan ko liman ya shaida. Aikinsa ɗaya ne, wasan jarumai, wanda Sanda ya gani wurin wani Baturen injiniya a ofis, ya kwaso rabi ya ƙarasa rabi da ka. Kowa zai ƙirƙiri jarumi ya raɗa masa suna, sai a jefa marigayi ya raba wa jarumin ƙarfi da wayo da farin jini, daga ɗaya zuwa shida. Daga nan Malam Maliki, malamin firamare, ya ja labari, manyan magidanta su zauna suna tsallaka koguna har a kira magariba.

An san marigayin da rashin kallon fuska. Ba ya jin roƙo, ba ya jin zagi, ba ya karɓar tofi. Maganarsa ba ta wuce ƙwas-ƙwas-ƙwas a cikin gwangwanin madara, sai tar a kan faifai, ya yi shiru ya bar mutane da gardama.

Gardamar kuwa yawanci a kan Yusha'u ce, maƙerin Rafin Guza, aminin Sanda tun suna yara. Mutumin da ke ɗaga injin niƙa shi kaɗai, in aka zo rabon ƙarfi sai marigayi ya ba jaruminsa ɗaya, in ya yi kirki biyu. Sanda kuma, mai gyambon ciki, wanda iska mai ƙarfi kan sa ya riƙe bango, shi ke kwashe shida. Yusha'u ya sha cewa abin nan bai san maza ba. Maliki ya ce ai haka rabo yake, ba a tambayar kowa kafin a ba shi. Ba a taɓa raba wannan gardama ba, kuma ba wanda ya so a raba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da ido. Baƙin fentin ɗigonsa ya riƙa gogewa har fuskokin suka koma fari fat. A shekarar ce Yusha'u ya faɗi a maƙera, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, gani ya ragu. Ya ƙi fita, ya ƙi motsa jikin da asibiti suka ce ya riƙa yi. Majalisa ta kwashi gwangwani da faifai ta koma zaurensa, don jifan marigayi kaɗai yake yarda ya yi, da hannun hagu.

Tun da idon marigayi ya tafi, Sanda ne ke sunkuyawa ya karanta. Duk lokacin da aka zo ƙarfin jarumin Yusha'u, sai ya ce shida. Maliki kan kau da kai. Ranar da shida ta fito, Yusha'u kan yarda a miƙar da shi ya dafa bango ya ɗan taka, saboda haka Sanda ya ci gaba da ganin shida. Abin da ya manta, shi mutumin biro, fenti ne ya goge, ramukan ɗigon suna nan. Yatsan maƙeri kuwa ba ya buƙatar fitila.

Ranar Asabar ɗin, Sanda ya riga ya ce shida, sai Yusha'u ya ɗora babban yatsansa a kan marigayi kafin a ɗauke. Rami ɗaya ne. Ya yi wa matarsa Hansai nuni ta kawo ƙaramar guduma. Ya kai duka da hagu ya kuskure, ya sake ya kuskure, marigayi yana tsalle ana dawo masa da shi, ba wanda ya yi dariya. Can aka ji ƙas, marigayi ya rabu biyu. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Ya rasu ya bar gwangwanin madara, da faifai, da jarumai a tsakiyar kogi waɗanda Maliki bai san yadda zai fito da su ba. Ya bar Sanda, wanda ke zuwa ofis ya dawo, ya ci tuwo bai ji gishiri ba, ya zauna gindin darbejiya yana kallon kekuna. Ba ɗan ludon yake tunani ba. Tun ranar, in ya yi sallama a Rafin Guza, Hansai ce ke amsawa, amininsa ya juya fuska ga bango.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Ba wanka, ba salla, likkafani ƙyallen goge tabarau ne. Hansai ta kawo saƙo cewa a ƙofar maƙera za a binne shi, inda Yusha'u bai taka ba tun faɗuwarsa, kuma da ƙafarsa zai je, shi zai haƙa ramin da hagu. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya karɓi aikin daga hannunsa, komai daɗewar da zai yi. Malam Sanda kuwa an ce ya zo da wuri, ya tsaya wa Yusha'u ta ɓangaren dama, ya kuma yi shiru.